Reshen da Kurege Ya Ɓoye

Wata takwas ke nan rabon Kurege da hawan itace. Mutumin da a da in ya rungumi gindin bishiya, kafin ka gama ɗaga kai ya kai sama, har sunan ya bi shi ya danne nasa na gaskiya, yau ga shi zaune a wata rumfa a bakin kasuwar katako yana wasa wa mutane zarto. In abokan sana'a suka tsokane shi suka ce kurege ya koma kunkuru, sai ya yi dariyar yaƙe ya ce jiri yake ji. Kowa ya yi masa uzuri, domin kowa ya san abin da ya faru a gaban idonsa. Ko kuma dai a ce kowa ya san abin da shi ya faɗa.

Su biyu suke aikinsu, shi da mijin yayarsa, wanda ake kira Mai Igiya. Sare rassan da suka hau rufin mutane ko suka kusa taɓa wayar wuta, da shi suke ci. Kurege a sama da injin yanka, Mai Igiya a ƙasa riƙe da igiyar da ake sauke reshe da ita a hankali. Mai Igiya ne ya koya masa komai, tun daga ƙullin da ba ya zamewa har yadda ake ƙwanƙwasa reshe a ji ko cikinsa rami ne. Kuma tun ranar farko ya kafa masa doka ɗaya, ya ce ita ce gaba da kowace. Na sama ba ya ƙarasa yanka sai ya kira ya ce, "Ƙasa lafiya?" na ƙasa kuma ya amsa masa da, "Saki!" In ba a amsa ba, ko wuni za a yi a sama ba a saki. Shekara goma sha huɗu suka yi suna wannan kira da amsa.

Ranar da abin ya faru, a gidan wani tsohon malamin makaranta suke, kan wani maɗaci da ya miƙa reshe ya rufe rabin tsakar gidan. Tun da safe Mai Igiya ya duba ƙullin da Kurege ya yi, ya kwance shi a gaban mai gidan da matarsa, ya sake ɗaurewa yana mita, wai mutum da gemunsa har yau bai iya ɗaure igiya ba. Ba wani abu ba ne, haka bakinsa yake, ya sha faɗin abin da ya fi haka. Amma ranar Kurege ya hau sama zuciyarsa na tafasa. Da ya ci fiye da rabin reshen sai ya sassauta injin ya kira sau ɗaya. Shiru. Ganye ya tare masa ƙasa, ba ya ganin komai. Mai hankali sake kira zai yi. Shi kuwa gogan sai ya raya a ransa cewa da gangan ake share shi, ana so a nuna masa har yanzu ɗan koyo ne mai jiran izini. Ya danna injin. Ashe Mai Igiya ya saki igiyar, ya sunkuya yana janye wata tukunyar fure da matar gidan ta manta a wurin. A gadon bayansa reshen ya sauka.

Bai yi niyyar ya ji masa ciwo ba, wannan kam gaskiya ce, kuma ya maimaita wa kansa ita har ta gaji. Sai dai a barandar asibiti, da Yaya ta cakumi rigarsa tana tambayar yadda aka yi, ba ita ya faɗa ba. Cewa ya yi gara ta cinye cikin reshen, ruɓaɓɓe ne, ko tsakiya bai kai ba ya ɓalle da kansa. Maganar ta fito tun kafin ya shirya ta. Da ta fito kuma sai ya zama dole ya tsare ta, don duk ɗan sana'ar da ya kalli bakin reshen nan zai ga sawun zarto sumul daga farko har ƙarshe. Da la'asar ɗin ranar ya koma gidan malamin, ya ce ya zo kwashe shara. Ya hau ya gyare kututturen ya shafe shi da baƙin fenti, ya datse reshen gida uku, ya loda a mota, ya kai bayan ɗakinsa ya jibge, ya rufe da tsofaffin kwanukan rufi. Hawansa na ƙarshe ke nan.

Kwana tara Mai Igiya ya yi kafin ya farfaɗo. Ƙafafu sun tafi, hannun hagu ya yi nauyi, na daman ma ba ƙarfi, ranar kuma gaba ɗaya ta goge daga kansa. Da aka gaya masa ruɓaɓɓen reshe ne, sai bawan Allah ya ɗora wa kansa laifi. Ya ce shi ya duba itacen, shi ya kamata ya ji ramin, kada kowa ya ga laifin Kurege, ƙaddara ce ta bi ta kunnensa. Kurege na tsaye a bakin gadon ya ji wannan, ya sunkuyar da kai.

Tsoronsa ɗaya ne, Yaya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta cire masa ƙaya, ita ta roƙi mijinta ya ɗauke shi aiki lokacin da yake gararamba a gari. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, in ka cire ta ba shi da wanda zai tambayi ko ya ci abinci. Kuma ya san halinta sarai. Tana da haƙuri, amma in ta juya wa mutum baya ta juya ke nan, akwai ƙanen babansu da ta yi shekara ashirin ba ta taka ƙofarsa ba saboda abin da bai kai rabin wannan ba. Ranar da ta ji gaskiya, ranar ya rasa 'yar'uwa.

Don haka yake zuwa gidansu, Litinin da Laraba da Asabar, ba fashi. Yaya da mijinta sun bar benen da suke sun dawo ɗakuna biyu a ƙasa saboda keken guragu. Shi ke ɗaga Mai Igiya daga gado, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya juya katifa, ya shafa masa magani a inda kwanciya ta fara ci. Yaya kuwa ba ta gajiya da sa masa albarka. Duk maƙwabciyar da ta leƙo sai ta ji labarin ƙanenta, wai ko ɗan cikinta iyakar abin da zai yi ke nan. Kowace albarka sai ya ji ta kamar an ɗora masa buhun siminti a ka, amma haka zai ce amin.

Ɗinki Yaya take yi, kuma teburin da take yanka yadi shi ne dai a gefen gadon mijinta, ba wurin ajiye na biyu. Da hannun damansa ya yi ƙarfi har ya fara ɗaukar kofi da kansa, murna ta cika gidan, sai kuma ta zo da tata matsalar. Duk inda ya dire kofi sai ya bar da'irar ruwa ko ta shayi. Wata Laraba Kurege ya tarar da ita tana wanke farin yadin wata mata da shayi ya yi wa zobe. Nan ta ce masa a ofishin likitan da ke motsa wa mijinta gaɓoɓi ta ga wasu 'yan fayafayan itace da ake ɗora kofi a kai, reshe ne kawai aka yayyanka, da ɓawonsa da komai, gwanin sha'awa. Ta ce tunda shi ɗan itace ne, ya yi musu mana, ya zama kyautarsa ta murnar hannun nan da ya dawo. Kurege ya ce wannan ai aikin rabin yini ne.

Rabin yinin da ya zama wata guda ke nan. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana kayar da itace, ashe bai taɓa tsayawa ya ga abin da itace ke yi bayan ya faɗi ba. Ya karɓo reshen darbejiya a wurin wasu da ke sara a layinsu, ya yanka takwas masu kaurin yatsa, ya goge, ya jera a taga. Kwana uku ya duba ya tarar duk sun tsage daga baki har tsakiya kamar faso a diddige. Ya sake yanka wasu, ya ce rana ce ta yi musu yawa, ya tura ƙarƙashin gado. Waɗannan fumfuna suka yi, suka lanƙwashe, ɓawon ya saki. Ya je wurin mai itacen girki, ya tarar duk an faskare, wanda ba a faskare ba kuma rana ta farfasa shi, ƙwari sun huda. Yaya kuma duk zuwa sai ta tambaya, cikin wasa, wai ko bishiyar ce bai gama shukawa ba.

Wani tsohon kafinta da yake kawo masa wasin zarto ne ya warware masa. Ya jujjuya fasasshen guda ɗaya, ya yi dariya, ya ce ɗanyen itace ko za ka yanka dubu haka zai yi maka. Sai reshen da ya bushe da ɓawonsa, a dunƙule, a inuwa, inda iska ke ratsawa amma rana ba ta duka, wata shida ko fiye. Ya ce irin wannan ba a samunsa a kasuwa, sai wanda ya ajiye. Kurege ya yi godiya, ya ci gaba da goga zarto. Ya san inda irin wannan reshen yake, taku goma daga inda yake kwana.

Kwana biyar yana kewaya kwanukan nan bai taɓa ba. Da yana da wayo da ya ce wa Yaya abin ya gagara, ya yanko mata fallen katako murabba'i, a wuce wurin. Amma bai taɓa iya ce mata ya kasa ba, balle yanzu. Ranar Alhamis da hantsi ya ɗaga kwanon farko. Ƙadangaru suka watse. Reshen na nan yadda ya bar shi, ɓawon ya yi toka-toka ya kama jikinsa gam, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba, don maɗaci ɗaci gare shi. Ya ƙwanƙwasa da bayan zarto, itacen ya amsa tas, amon lafiyayyen abu. Haushi ya kama shi, wai a ce ko ɗan rami ɗaya ma a rasa a cikinsa.

Ya zaɓi wajen siririn, inda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Bai yi amfani da inji ba, ba ya son jin ƙararsa. Ya danne guntun da ƙafa a kan benci, ya sa zarton hannu. Na farko ya faɗo ja wur, da zobba a jere, santsi kamar an riga an goge. Na biyu haka. A na uku zarton ya yi ƙara ya cije, ya duba ya ga tsohuwar waya ce da aka taɓa ɗaurawa a reshen, itacen ya girma ya haɗiye ta. Ya jefar da wannan, ya matsa gaba. Amma tsatsar wayar ta bi jijiyar itacen ta yi nisa, duk wanda ya yanka sai ga wani baƙin tabo a gefe ɗaya, dab da ɓawo, girman farcen babban yatsa. Ya sa samfefa ya goga har yatsunsa suka yi zafi. Ina, tabon ba a sama yake ba, ya ratsa.

Ya zauna ya zuba musu ido. Ya gaya wa kansa maɗaci ai ba ɗaya ba ne a duniya, waya kuma kowa na ɗaurawa, Mai Igiya ko ranar bai tuna ba balle tabo. Ya shirya abin da zai ce, wai kafinta ne ya ba shi. Duk wannan bakinsa ne ke faɗi. Can ƙasan ransa ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, kuma akwai wani ɓangare nasa da ya ƙi jefar da su. Ya goge guda shida fuska biyu, ya bi gefen ɓawon a hankali don kada ya ɓare, ya shafe su da man katako sau uku yana bari suna sha, ya manna musu guntun ƙyalle a ƙasa don kada su karce tebur. Wallahi sun yi kyau. Bai taɓa yin abin da ya kai su kyau da hannunsa ba.

Ranar Asabar ya kai su a naɗe cikin jarida. Yaya ta buɗe ta yi ta juya su a haske, ta ce sun fi na likitan nesa ba kusa ba, ta ce ashe jinkirin na alheri ne. Ta miƙa wa mijinta ɗaya, ta ce bari ta ɗora ruwan shayi a gwada su yanzu-yanzu. Ta fita zuwa kicin da ke ƙarshen baranda.

Mai Igiya na jingine da matasai uku. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma idon nan na duba itace bai tafi ko'ina ba. Ya auna nauyin faifan a tafinsa. Ya kai hanci ya shinshina. Ya karce gefen da farce. Ya ce maɗaci ne, kuma ya bushe da kyau, ina aka samo? Kurege ya buɗe baki zai ce kafinta. Mai Igiya bai jira ba, babban yatsansa ya riga ya sauka a kan baƙin tabon. Ya daɗe yana shafa shi. Sannan ya ce a miƙo masa sauran. Kurege ya miƙa. Mai Igiya ya jera su a kan bargo, ya juya kowanne har tabban suka kalli gefe ɗaya.

Ya yi magana a hankali, kamar mai tuna wa kansa. Ya ce ranar aikin kam ba ya tuna komai, amma jajibirinta yana tunawa, lokacin da suka je duba itacen. Ya ce akwai wayar da malamin ya taɓa rataya fitila da ita, ta shige cikin reshen, har ya ce wa Kurege ya kula kada ta ci masa sarƙar inji. Kurege ya tuna. Ya manta ne kawai cewa an yi maganar kwana ɗaya kafin.

Mai Igiya ya ɗauki guda biyu ya buga su da juna. Suka yi ƙara tas.

"Ina garar?"

Kurege ya zuba wa fayafayan ido.

"Wata takwas ina kwance a nan ina tambayar kaina yadda aka yi kunnena ya ci amanata. Ina garar, Kurege?"

"Babu, Maigida."

"Ka kira?"

"Na kira."

"Na amsa?"

Daga kicin ana jin ƙarar cokali a jikin kofi. Kurege ya durƙusa a bakin gadon.

"Ba ka amsa ba."

Daga nan sai maganar ta ɓalle masa. Ya faɗi ƙullin da aka kwance, ya faɗi haushin, ya faɗi fentin da kwanukan rufi. Hawaye da majina suka haɗe masa. Ya ce ba ya neman a yafe masa, ya san bai cancanta ba, yanzu Yaya na shigowa zai gaya mata da bakinsa, duk abin da za ta yi ta yi. Kuma da gaske yake. A karon farko cikin wata takwas ya ji numfashinsa na kaiwa ƙasa. Abin da ya fi tsoro ya zo, kuma har wani sauƙi-sauƙi ya fara ji.

Mai Igiya bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba, da ma ya zaga da ya fi. Ya kalli rufin ɗakin ya daɗe. Sannan ya ce masa ya tashi ya share fuskarsa.

"Ba za ka gaya mata ba."

"Maigida, ba zan iya ci gaba da..."

"Ba shawara nake ba ka ba. Kai kana so ka sauke kayanka ka huta, ita ta ɗauka. Ka dube ta da kyau? Ka ga bayanta? In ta kore ka, wa zai ɗaga ni? Ita?"

Mai Igiya ya numfasa. Ya ce matar nan abu biyu take taƙama da su a duniya, miji da ƙane. Mijin ga yadda ya koma. Ba zai zauna yana kallo a ƙwace mata ɗayan ba, ko da kuwa ɗayan ba abin taƙama ba ne. Ya ce Kurege zai ci gaba da zuwa ranakunsa uku, ba fashi, ba makara. In tana ɗakin za su gaisa, su yi hira, har dariya in ta kama.

"In ba ta nan, kada ka yi mini magana. Ka ɗaga ni, ka ajiye ni, ka tafi. Kuma kada ka sake ce mini Maigida. Ban koya wa kowa sakin reshe a kan mutum ba."

Kurege ya tambaye shi har yaushe. Mai Igiya ya ce ya tambayi ƙafafun nan, duk ranar da suka tashi an gama.

Takun Yaya ya taho. Kurege ya miƙe ya juya wajen taga yana goge fuska da hannun riga. Ta shigo da kofi uku a faranti, ta ture yadin da ke kan tebur, ta jera fayafayan, ta ɗora kowane kofi a kan nasa, ta ja baya tana kallo kamar wadda aka yi wa sabon ɗaki. Ta lura da idon ƙanenta, ta tambaya. Mijinta ne ya amsa, ya ce garin katako ne, mutum ya wuni yana guga ba tabarau. Ta yi masa faɗa a kan rashin kula da kansa, ta tura masa kofinsa. Ya sha shayin nan yana ƙona shi bai ji ba.

Suka yi hira, kamar yadda aka ce za a yi. Mai Igiya har da ba da labarin ranar da Kurege ya fara hawa, ya maƙale a sama yana kiran Yaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce rabon da ta ji gidan nan haka tun kafin asibiti. Kurege ma ya buɗe haƙora. Baƙin ciki ya cika shi har wuya, ga shi an bar masa yayarsa, abin da ya yi wata takwas yana roƙo, kuma bai taɓa jin ya yi nisa da ita kamar yau ba.

Da lokacin wanka ya yi ta fita ta ba su wuri kamar kullum. Kurege ya yaye bargon, ya sa hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwoyin da ba sa ji, ɗaya a baya. A da Mai Igiya kan saƙalo wuyansa da hannun dama yana tsokanarsa, wai a yi a hankali da kayan mutane. Yau bai saƙalo ba. Ya bar hannun a kan cikinsa, ya kau da fuska, ya saki jikinsa gaba ɗaya, sai nauyinsa ya ninka. Haka ya kai shi, ya wanke shi, ya tsane shi, ya shafa maganin, ya dawo da shi. Ƙarar ruwa a bokiti kawai ake ji.

Yana ɗaure takalmi zai tafi Yaya ta dawo da fara'arta, riƙe da faifai ɗaya. Ta ce ta leƙa ta nuna wa matar gidan sama, wadda ke taya ta zama da mara lafiya in za ta kasuwa, matar ta yaba ƙwarai. Ta ce ita da ma tana ta tunanin abin da za ta yi wa matar nan na godiya, ga kuma likitan, ga mai kemis da ke kawo musu magani har gida. In ba takura, ya ƙara yanko ko dozin biyu ne, irin waɗannan sak, masu ɗan baƙin nan a gefe, shi ya fi ba ta sha'awa.

"Ko itacen ya ƙare?"

Kurege ya kasa ɗago kai daga igiyar takalminsa. Daga kan gado Mai Igiya ya amsa mata, muryarsa lafiya lau.

"Bai ƙare ba. Babban reshe ne, na san shi. Zai yanko miki."

Yaya ta ce to madalla, Allah ya yi masa albarka, ya bar zumunci. Kurege ya ce amin. Ta raka shi har bakin ƙofa tana tuna masa ya sayi tabarau kafin ya fara, kuma ranar Litinin ya zo da wuri, za a juya katifa.